Ba sabar ce ta lalace ba, dafa ta kuke yi

Sau uku ke nan a watan Afrilu ana tashina da asuba, wai "kwamfutocinka sun mutu". Nawa? Wallahi na gaji.

Ɗakin da aka zuba mana sabar, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan aiki, a ofishinmu na Kano tsohon sito ne, ba taga, ba mafitar iska. Ɗan kwangilar da ya kafa kabad ɗin ƙarfen da ake jera su a ciki ya manna bayansa da bango, ko hannu ba ya shiga. Alhali sabar ta gaba take shaƙar iska mai sanyi, ta furzar da mai zafi ta baya. To ka toshe bayan, zafin ya bi ta ina? Sai ya kewayo ta gurabun da aka bari hangame tsakanin na'urorin, su sake shaƙar abin da suka fitar. Murafen da ake rufe gurabun nan, tun bara nake roƙo a sayo. Shiru kake ji.

Duk wutar da na'ura ta ci, zafi take komawa, ba ta rage komai. Namu suna cin kusan kilowat 4, aka liƙa musu esi ɗaya irin ta falo, mai doki ɗaya da rabi, wadda iyakarta ta kwashe kilowat 3.5. Ita ma ƙurar hunturu ta cushe mata rariya tun Janairu.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne umarnin Oga: da an tashi aiki, maigadi ya kashe esi, wai ba kowa a ɗakin, kada a ɓarnatar da man janareta. Ranka ya daɗe, don mutum aka sa ta? Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ta ba da shawarar iskar da ke shiga sabar ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. Ran Litinin da na buɗe ƙofa 41 na tarar, fankokin ciki na ihu kamar jirgi zai tashi, sabar biyu sun kashe kansu don kada su ƙone. Baturan UPS kuwa, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, har sun fara kumbura.

Na rubuta takarda shafi biyu: a janye kabad daga bango, a ƙaro esi ta biyu su riƙa karɓa-karɓa dare da rana. Jiya amsa ta iso. Masinja ya shigo da fanka mai tsaye, sabuwa fil a kwalinta, ya ce Oga ya ce in sa hannu na karɓa.