Gwani ya yi caca da ransa, ban da ran fasinja

Jama'a, yau rubutun nawa zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni. Maganar masu dirowa da laima daga jirgin sama nake son yi, wasan nan da yaranmu ke zuwa Dubai su yi, su ɗora bidiyo a Instagram muna kallo muna salati. Na san wani zai ce ina ruwan Bakano da wannan, mu da muke fama da tsadar shinkafa da rashin wuta. Da ruwanmu ƙwarai. Rigimar da masu wannan wasa suka daɗe suna yi a tsakaninsu kan doka da tsaron rai, ita ce dai wadda muke yi a bakin titi da bakin ruwa a jihar nan, kuma wuri ɗaya mu da su muke tuntuɓe.

Ɗan yayata yana karatu a Amurka, kuma ya tsunduma cikin wasan har ya samu lasisi. A bakinsa na fara jin yadda abin yake, daga baya na bi na karanta da kaina, saboda hankalin mahaifiyarsa ya ƙi kwanciya. Jirgi kan hau da su kimanin ƙafa 13,000, su diro, mutum ya yi kusan minti ɗaya yana faɗowa da gudun da ya kai kilomita 200 a awa, sannan ya buɗe laima. Kowa laima biyu yake goyawa, babba da ta ko-ta-kwana. Ita ta ko-ta-kwanan, dokar Amurka ta ce duk kwana 180 sai an warware ta an duba an sake naɗewa, kuma ba kowa ke naɗe ta ba sai mai shaidar hukuma.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa ke sa ido. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ita ke ba matuƙi lasisi, ita ke ba mai naɗe laima shaida, ita ke amincewa da jirgi da kayan aiki. Amma shi mai dirowar, lasisinsa daga ƙungiyarsu yake fitowa, USPA, wadda 'yan wasan suka kafa kuma su ke zaɓar shugabanninta. Ita ta ce sai ka diro sau 25 kafin lasisin farko, sau 500 kafin na ƙarshe, sau 200 kafin ka sa rigar nan mai fukafukai. Dokoki ne masu kyau. Sai dai shiga ƙungiyar ganin dama ne. Mai cibiyar dirowa da laima yana iya cewa ba ya yi, ya ci gaba da sayar da tikiti.

A kan wannan suka kasu biyu. Ɓangare ɗaya na cewa gwamnati ta tsame hannunta: mu muka san iska, mu muka san igiya, jami'in da bai taɓa leƙa ƙofar jirgi a buɗe ba me zai koya mana? Rai nawa ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kuma suna da hujjar da ba a rainawa. A shekarun 1970, a matsakaici, mutum fiye da 40 ke mutuwa a wasan duk shekara a Amurka. A 2024 mutum 9 suka mutu cikin dirowa kusan miliyan 3.9. Wannan ragi, yawancinsa aikinsu ne da na masu ƙera kaya, tilas a ba su haƙƙinsu. Ɗaya ɓangaren na cewa ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin membobinta, wadda masu cibiyoyi ke zama a majalisarta, ba za ta iya murɗe kunnen kowa da ƙarfi ba. Iyakarta ta kori mutum daga ƙungiya, shi kuwa gobe ya tashi jirginsa.

Akwai wata na'ura ƙarama da ake sawa cikin jakar laima. Idan mutum ya suma ko ya ruɗe, ya kusa ƙasa yana gudu bai buɗe komai ba, sai ta yanke igiyar da ke riƙe da laimar ko-ta-kwana ta buɗe da kanta. Wadda ta fi suna, Cypres, a Jamus aka ƙera ta, ta fito a 1991. Za ku ɗauka kowa zai karɓe ta da hannu biyu. Ina! Tsofaffin hannu da yawa sun ƙi ta da farko, wasu suna ganin na'ura ce ta raggwaye, wasu suna tsoron ta buɗe a lokacin da ba a so. Har yau dokar tarayya a Amurka ba ta tilasta wa mai lasisi da ke dirowa shi kaɗai ya sa ta ba, alhali a Faransa dole ce. Sannan wani abin mamaki ya biyo baya: da kaya suka ƙara inganci, sai gwanaye suka koma amfani da ƙananan laimomi masu tsananin gudu, suna karkatowa dab da ƙasa don burgewa. Aka wayi gari mutane da dama na mutuwa laimarsu a buɗe lafiya ƙalau. Bill Booth, wanda ya ƙirƙiro zobba ukun da ake sakin laimar da ta lalace da su, ya daɗe da lura cewa duk lokacin da kaya suka ƙara aminci, mutane sai su ƙara ganganci.

Matsayina a nan shi ne, gwanin da ya diro sau dubu, ya san abin da ƙaramar laima ke yi, ya zaɓa da idonsa a buɗe, ina iya yi masa nasiha, ina iya cewa malam ka tuna da iyalinka, amma ba zan ce a turo masa ɗan sanda ba. Wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa da ƙungiyarsa. Amma yawancin waɗanda ke zuwa cibiyoyin nan karo na farko ba gwanaye ba ne. Fasinjoji ne da ake ɗaurewa a ƙirjin malami su diro tare, irin abin da yaranmu ke yi a Dubai. Yaron da ya biya kuɗi ya sa hannu a takarda bai san kalar igiyar da ake ja ba, bai san wa ya gyara jirgin ba, bai san ko malamin da ke bayansa yana da shaida ba. Daga lokacin da ka karɓi kuɗin wanda ba zai iya auna haɗarin da kansa ba, maganar "rai nawa ne" ta faɗi, domin ran da ke hannunka na wani ne.

A watan Agustan 2016, a wata cibiya kusa da garin Lodi a jihar Kalifoniya, wani saurayi ɗan shekara 18 ya diro karonsa na farko ɗaure da malami, duka biyun suka mutu. Bincike ya nuna malamin ba shi da ingantacciyar shaidar ɗaukar fasinja. Sai bayan haka jihar ta yi doka a 2017, kuma a 2021 kotu ta yanke wa iyalan diyyar dala miliyan 40. Ku gaya min, wace ƙungiya ce ta kare yaron nan kafin ya hau jirgin?

Na jirgin ma ya fi tayar min da hankali. Ranar 21 ga Yunin 2019 wani jirgin masu laima ya faɗi jim kaɗan da tashinsa a tsibirin Oahu na Hawayi, mutum 11 suka rasu, babu wanda ya samu damar taɓa laimarsa. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta gano matuƙin ya tashi da ganganci, horonsa bai cika ba, kuma fiffiken hagu a murɗe yake tun wani haɗari da jirgin ya yi a 2016, ba a gyara shi yadda ya kamata ba. Abin takaicin shi ne tun 2008 wannan hukuma ta fitar da rahoto: haɗurra 32 na jiragen masu laima daga 1980, rayuka 172, kuma dalilan su ne dai rashin gyara, ƙarancin horo da raunin sa ido. Jiragen nan suna ɗaukar mutanen da suka biya kuɗi, amma ƙa'idar da suke bi ta fi ta jiragen shata sauƙi. Duk sanda aka ce a tsaurara, sai masu cibiyoyi su ce kuɗin zai kashe sana'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Suwidin ma jiragen masu laima biyu sun faɗi, ɗaya a Umea a 2019, ɗaya a Orebro a 2021, kowanne da mutum 9.

Na tambayi ɗan yayan nawa yadda suke tattauna irin wannan a cibiyarsu. Ya ce, "Kawu, da wuya maganar ta yi minti biyar a kan fiffike. Nan da nan take komawa kan wace jam'iyya kake so." Wanda ya ce a ƙara doka, sai a ce ɗan koren gwamnati ne mai son a mallake mutane. Wanda ya ce a bar su, sai a ce mai son kuɗi ne marar tausayi. Mutanen da ke duba wa juna maɗauri kafin su hau jirgi, waɗanda kowa ransa yake a hannun ɗan'uwansa, sai ga su sun daina gaisawa saboda zaɓe. Wannan ne ya taɓa ni, domin na san shi a gida.

A Kano, da za a kawo dokar tsaron rai gobe, tambayar farko da za a yi ita ce wane gwamna ya kawo ta. In namu ne, doka ce mai kyau ko da kuwa hanyar tatsar talaka ce. In na su wane ne, zalunci ce ko da za ta ceci 'ya'yanmu. Mai jar hula da marar jar hula duk muna da wannan ciwo, kada kowa ya nuna ɗan'uwansa. Ku tuna Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta hular kwano ga masu babur. 'Yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka, har labarin ya zaga duniya. Ba na zagin su, hular ta yi tsada, fasinjoji na ƙyamar sa wadda wani ya cire, kuma wasu jami'ai sun mayar da dokar wurin neman na cefane. Amma a duk hayaniyar, mutum nawa suka tsaya suka yi maganar matar da ke bayan babur da goyo, wadda ba ta zaɓi gudun da ake yi da ita ba?

Ku tuna Bagwai, 30 ga Nuwambar 2021. Kwale-kwale ya taso daga Badau a kan ruwan Watari, an yi masa lodi fiye da ƙima, ya kife, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya ƙanana masu zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu. Yaran nan su ne fasinjan da nake magana a kai. Ba su san nauyin da jirgin ke iya ɗauka ba, manya suka ce su shiga suka shiga. Ku tuna Gwammaja, 4 ga Mayun 2002, da jirgin EAS ya faɗo kan gidaje, fiye da mutum 100 suka rasu, da yawansu suna cikin ɗakunansu, ko tikiti ba su saya ba. Sai bayan nan gwamnatin tarayya ta hana irin wannan jirgi tashi, ta kuma sa iyakar shekara 22 ga jiragen fasinja. Mu da Amurkawan duk sai an yi jana'iza muke rubuta doka.

Kuma don Allah kada wani ya zo min da cewa ajali ne kawai. Na yi imani da ƙaddara, babu ran da zai wuce lokacinsa. Amma addinin da ya koya mana haka, shi ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Mai jirgin da ya san fiffikensa a murɗe yake ya ɗebi 'ya'yan mutane, amana ya ci, kuma za a tambaye shi.

Ba ina cewa gwamnati ta karɓe komai ba. Mun ga abin da doka ke zama idan ta faɗa hannun jami'in da ba ya tsoron Allah, kuma tsoron da masu laima ke yi na a zo da ƙa'idar da za ta rufe ƙananan cibiyoyi ba tare da ta ceci kowa ba, tsoro ne na gaskiya. Shi ya sa tsarin Ingila ya fi kwanta min: ƙungiyar 'yan wasan, wadda aka kafa a 1961, ita ke rubuta littafin aiki tunda ita ta san sana'ar, amma cibiya ba ta aiki sai da izinin hukumar jiragen sama ta ƙasa. Masu sana'a su tsara, wani daga waje ya riƙe mabuɗi, wanda ba ya cin abinci daga tikitin da aka sayar kuma ba ya neman ƙuri'ar masu cibiya.

A Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925, kuma kwalejin koyon tuƙin jirgi tana nan Zariya kusa da mu. Ranar da wani mai kuɗi zai ce zai buɗe cibiyar dirowa da laima a ƙasar nan ba ta da nisa, ganin yadda matasa ke kwasar kuɗi suna kai wa Dubai. Ina roƙon hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta shirya tun yanzu: jirgin da zai ɗauki fasinjan laima a binciki gyaransa kamar na shata, malami ya nuna shaidar da za a iya tantancewa, kuma duk haɗari, babba ko ƙarami, a kai rahotonsa ga hukumar bincike ta NSIB a buga kowa ya gani. Ku kuma iyaye da 'ya'yanku ke fita waje, in yaro ya ce zai diro, ku sa ya tambaya a wace ƙungiya cibiyar take da rajista, ya ga katin malamin da idonsa, ya tambayi ranar da aka naɗe laimar ko-ta-kwana da ko na'urar nan tana kunne. Ɗan yayata ya ce cibiyar kirki takan ciro katin naɗin ta nuna maka tun kafin ka gama tambaya. Wadda ta ɓata rai, yaro ya karɓi kuɗinsa ya koma masauki.