Kambu daban, farin jini daban

Malam mai rubutu, ka ce finafinan Hausa ba za su ci kyautar duniya ba sai sun daina waƙa da rawa. Daga nan Garwa ta Kamaru nake, kuma gaskiya ban yarda ba.

Ga maƙwabtanmu Chadi. Daraktansu Mahamat-Saleh Haroun ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2010, mun yi murna, ya fitar da mu kunya. Amma shiga kasuwar Marwa ka tambayi masu sayar da atamfa wa ya kalli fim ɗin. Sai ka ambaci marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu tun 2014, ka ga yadda kowa zai fashe da dariya yana kwaikwayon maganarsa.

Batun waƙa kuwa, mun taso a gidan kallo ne, benci a jere, janareta na ruri a waje, kaset na sarƙewa mai gida yana warware shi da biro. Iyayenmu mata ba sa jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma muryar mawaƙiyar finafinan Indiya Lata Mangeshkar ta sa su hawaye, domin waƙar tana zuwa ne daidai inda magana ta gaza: an raba masoya, ko uwa ta rasa ɗa.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne na yanzu. Jarumi na tsakiyar zaman makoki, kwatsam sai ga shi a lambu ya sauya kaya yana tiƙar rawa, muryar ma na'ura ce ta gyara ta. Wannan kam a cire, ko babu maganar Cannes.