Yadda injin Fijon Baba ya aske min gemu a Farin Gada

Tunda bidiyon ya riga ya zaga guruf ɗin 'yan ajinmu har wani mara aikin yi ya saka masa kiɗa, gara in faɗa da bakina kafin Dogo ya ƙara masa gishiri. Masu kira na suna tambayar ina gemu, ku karanta ku bar ni in sha iska.

Kun dai san Peugeot 504 ɗin marigayi Baba, farar nan da ta yi shekara da shekaru a ƙofar gidanmu na Gangare kaji na ƙwai a kujerar baya. Da aka zo rabon gado kowa ya kau da kai, ni na ce a bar min. Bodi ya tafi wajen mai bugun ƙarfe, inji ya tafi Farin Gada wajen Oga makanike, aka sa sabon ringi aka canza gaskit aka wanke kafireta, kuɗi dai sun tafi, kar wanda ya tambaye ni nawa don uwargida na cikin masu karantawa. Sai na kafe a kan ba za a mayar da injin nan cikin mota ba sai an tada shi a waje na ji muryarsa, irin yadda nake ganin Turawa na yi a YouTube. Oga ya ce Yallaɓai mu nan kan tsohuwar taya muke ɗorawa, a ɗan tada a kashe shikenan. Na ce a'a, teburin ƙarfe za a yi masa. Mai walda ya haɗa da ƙarafan tsohon gado, aka kuma sa masa tayoyin wani mataccen janareto don a ji daɗin turawa, wannan shawarar Dogo ce ko da zai rantse da me.

Ranar Asabar ce, cikin sanyin Janairun nan na Jos da ko alwala sai ka yi shawara da zuciyarka. Kuma ni da kaina na gayyato surukina, don shi ne ya taɓa cewa a kira 'yan gwangwan su auna motar a huta. Ya zo cikin farar babbar riga sabuwa fil, daga nan zai wuce ɗaurin aure Bukuru.

Ga inji a kan teburi, a kishingiɗe gefe guda yadda injin Fijo yake. Batir a ƙasa, waya ɗaya daga batir kai tsaye zuwa kwayil, babu makulli, babu salansa, lagireto an ɗaure shi da wayar shanya. Famfon mai ya mutu tun zamanin Baba, don haka aka cika gorar ruwa da fetur aka jona tiyo zuwa kafireta, sai dai mutum ya ɗaga gorar sama man ya gangaro. Oga ya ce bari ya je Dilimi ya samo wani tiyon ruwa, kar a taɓa komai. Ni kuma na ga wayoyin fulogi huɗu kawai suka rage, abin da ko yaro zai iya, wuta na bin silinda ɗaya uku huɗu biyu, na jona abina.

Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, yaran gareji, masu keke, mai faci, har da wata mai tallan masa. Ni kuwa baki ya buɗe. Na ce jama'a wannan da kuke gani ba irin gwangwanayen yanzu ba ne, 1968 aka fara yin ta a Faransa, 1969 ta zama gwarzuwar motar shekara a Turai, 1975 ta ci tseren Safari a Kenya, kuma a shekarar aka fara haɗa Fijo a Kaduna nan kusa da mu, lita biyu ne injin, in silinda ta cinye zare hannun rigarta ake yi a zura sabo, ba a jefar da inji. Ina yi ina satar kallon surukina, yana gyaɗa kai. Wallahi a lokacin ji nake kamar ni na ƙera ta.

Sai Baba Direba ya yi magana daga kan bencinsa.

Bari in tsaya a kan mutumin nan tukuna. Ba makanike ba ne, ba shi da mota, ba shi da shago a wurin, amma kullum shi ne na farko a garejin kuma shi ne na ƙarshe, da rakensa a hannu. Wai ya ja wagon ta haya tsakanin Jos da Kano a da, to mun ji, mun yarda, sai me? Duk abin da aka kwance sai ya ce ba haka ake yi ba a zamaninsu. Shi ne fa ranar sunan 'yata, ba wanda ya gayyace shi, ya ci ya ƙoshi ya ƙulla a leda, sannan ya tsaya a tsakar gida ya ce ragon bai cika shekara ba. A gaban dangin matata. Har yau ban manta ba kuma ba zan manta ba.

Ya ce yaro, wayar lamba ɗaya ina ka kai ta? Na ce gaba mana Baba, wajen fanka. Ya ce wani abu, amma tsakani da Allah da rake cike da bakinsa ya faɗa, abin da na ji kawai "baya" da "Bafaranshe". Mutum zai faɗi magana mai muhimmanci irin wannan yana tsotsar rake? Na ce Baba duniya ta ci gaba, aka yi dariya, ya tofar da ɓawonsa ya gyara zama har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Yanzu da nake tunani gyaran zaman mai jiran kallo ne.

Ƙaramin yaron Oga ya sa sukudireba a jikin kik. Gurr gurr gurr, shiru. Aka sake, tuf, shiru. Na ce sanyi ne, injin da ya daɗe bai tashi ba ga kuma iskar Jos, a ja cok. Aka ja, ba labari. Sai na tsiyayi fetur a murfin gora na zuba a bakin kafireta, dama ba a sa matatar iska ba, na sunkuya na leƙa ciki don in ga ko man yana sauka, na ce buga.

Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar ba. Ni dai na ga haske, ja da shuɗi, ya taso daga ramin da nake leƙawa ya shafe min fuska, hulata ta yi sama. Kuma abin da ya fito daga bakina, ni da 'ya'ya uku, ni da ake kira Yallaɓai, ba salati ba ne, ba innalillahi ba, "wayyo Inna" na ce. Da ƙarfi. A bidiyon ana ji sarai, Dogo ma ya maimaita wurin. Daga nan ƙafafuna suka yanke hukunci ba da sanina ba, na zabura na zagaya bayan mutumin da ya fi kusa na cukwikwiye rigarsa da hannu biyu na cusa kaina a gadon bayansa. Surukina. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi a layi tsugunawa nake tun daga nesa. Shi na rungume ta baya, hannuna duk baƙin mai, a kan farar shadda.

Ina nan a maƙale sai na ji mai masa tana cewa wai waye ke babbaka da safen nan. Gemuna ne. Gefen dama ya tafi gaba ɗaya, girar dama ma haka, gashin baki ya nannaɗe ya zama wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu wari.

Wutar fa ta riga ta mutu da kanta, ko daƙiƙa biyu ba ta yi ba. Amma mai faci, Allah ya saka masa da abin da ya dace da shi, ya ga hayaƙi na tashi daga kaina, ya sunkuci rabin duron da yake tsoma tub a ciki, ruwan da na tabbata ba a canza shi ba tun kafin a hana acaɓa a garin nan, ya sheƙa mana. Mu biyu. A sanyin Janairu. Na ɗago kai ruwa baƙi na bin wuyana, surukina na tsaye bai motsa ba, wani guntun roba a kafaɗarsa. Ya cire hularsa ya matse ta a hankali, ya juyo ya dube ni, ya ce sannu Malam, za ka iya sakin rigar. Ashe har lokacin ina riƙe.

Da zagi na ya yi da ya fi min sauƙi wallahi.

Oga ya dawo ya tarar da mu haka, bai ce komai ba ya duba wayoyin ya yi tsaki. Ashe su Faransawa daga wajen fulawil suke fara ƙirga silinda, lamba ɗaya tana baya, shi kuma a kanta ya saita distiributa. Fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa sama, ɗaya ya matse mai yana jiran wuta, ɗayan kuma bawul ɗinsa na shan mai ya fara buɗewa, to wutar sai ta je wa wanda ƙofarsa ke buɗe, ta biyo hanya ta fito ta kafireta inda ta tarar da fuskata. Baba Direba daga benci ya ce ai na faɗa. Ba wanda ya tambaye shi.

Aka juya wayoyi, aka ba ni gorar fetur in ɗaga tunda ni ne dogo bayan Dogo kuma shi yana riƙe da waya. Bugu ɗaya inji ya tashi. Jama'a injin da ba salansa ba abin wasa ba ne, har cikin haƙori kake jin sa, awaki suka watse, wuta na fita ta gefe fat fat fat. Na fara murmushi da rabin gemuna, sai na ga kamar injin yana nisa da ni. Tayoyin Dogo. Garejin dama gangare ne, ga girgiza, teburi ya kama hanya a hankali ya nufi teburin mai shayi, yaron Oga na biye da shi yana jan batir. Tiyon gajere ne, in na tsaya zai fizge fetur ya watsu a kan wutar, dole na bi shi, hannu a sama, jiƙe sharkaf, kamar mai rakiyar mara lafiya da ledar ƙarin ruwa a asibiti. Kowa na ihu a kashe a kashe, ana neman makullin da babu. Oga na faɗin wani abu ba mai ji. Mai shayi ya kwashi burodi ya bar kiret ɗin ƙwai.

Baba Direba ne ya taso, ba sauri ba gaggawa, ya sa sandar rakensa ya ture wayar kwayil. Ɗif. Teburin ya ƙarasa da kansa ya daki na mai shayi, ƙwai ya sauka. Ya koma bencinsa ya ci gaba da shan raken, wannan guntun dai da ya taɓa wayar da shi.

Yanzu duk wanda ya shigo garejin sai ya ba shi labarin yadda ya ceci Farin Gada daga gobara, kuma kullum wutar ƙara tsawo take, jiya an ce min ta kai wayar lantarki. Na biya mai shayi kuɗin ƙwai har da waɗanda na tabbata tun da safe ya soya su. Surukina bai je ɗaurin auren ba, ya aiko da rigar gida a leda ba tare da saƙo ba, uwargida ta wanke har ta gaji shatin yatsuna goma na nan a baya. Wanzami ya daidaita min ɗaya gefen, girar ce dai ya ce sai haƙuri.

Injin na nan an rufe shi da tamfol an sa duwatsu a tayoyin, mai bodi kuma ya ce in dawo sati mai zuwa, haka ya ce wancan satin ma. Wanda ya ɗauki sifana mai lamba 13 a cikin hayaniyar nan don Allah ya mayar, ta Oga ce, ni yake tambaya.