Kaka Ta Yi, Me Ka Zuba A Rumbu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da idona ya gani a kasuwar hatsi ta Marwa, a arewacin Kamaru, ranar Litinin ya hana ni sukuni. Wani magidanci, da gani dai daga ƙauye ya shigo, ya sauke buhunan dawa daga kan babur mai ƙafa uku, ko taya na biyu bai jira ba ya ce ya sallama. Wani dattijo da ke gefe ya tambaye shi, "Malam, ka dai rage wa iyali?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, bakin da Allah Ya tsaga ba ya hana shi abinci." Kuɗin na kayan lefe ne, za a ƙara aure.

Gaskiya ya faɗa, Allah ne mai ciyarwa. Amma wallahi mun mai da wannan magana mayafin rufe sakacinmu.

Ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Marwa ya taɓa nuna min bidiyon wata 'yar dabba da ake kira pika. Dangin zomo ce, sai dai kunnuwanta gajeru ne zagayayyu, wutsiyarta ba ta fitowa, nauyinta wajen giram 150. Tsakanin tsagin duwatsu take zama, kamar remar da muke gani a duwatsun Mandara. Akwai irinta mai manyan kunnuwa a duwatsun Himalaya da aka samu a tsayin da ya haura mita 6,000, alhali Dutsen Kamaru da muke ji da shi mita 4,000 ne da 'yan kai. Can Himalaya sanyi na kisa, dusar ƙanƙara na binne ciyawa wata da watanni, kuma pika ba ta yin dogon baccin hunturu da wasu dabbobin can ke yi. Idonta biyu take cinye sanyin.

To da me take rayuwa? Irin da ke duwatsun yammacin Amurka, da zarar ciyawa ta tsiro sai ta duƙufa. Ta yanko ciyawa da furanni, ta cika baki har sun fi kanta girma, ta ruga ta tara a ƙarƙashin dutse su bushe, ta sake komawa. Zafi ba ya yi da ita, 'yan awoyi a zafin da ya kai maki 26 a ma'aunin Celsius na iya kashe ta, don haka da sassafe da yamma take safara, in rana ta take ta shige inuwar dutse. Abin da ya fi girgiza ni: har ganyaye masu guba take tarawa da gangan. Gubar na hana tarin ruɓewa, kuma tana raguwa a hankali, sai lokacin da hunturu ya yi nisa ta ci su lafiya. Subhanallah! Wa ya sanar da ita wannan lissafi in ba Wanda Ya halicce ta ba? Za ka ce ba ta da tawakkali ne don ta yi tanadi?

Mu kuma da aka ba hankali, damina ɗaya gare mu, wata huɗu in ta yi kyau. Mun ga yadda ambaliyar 2024 ta yi da garin Yagwa da gonakin bakin kogin Logon. Duk da haka kaka na yi sai a manta. Gero ya tafi a sabuwar waya. Gyaɗa ta tafi a anko kala uku na biki ɗaya. Kuɗin auduga tun ba su shigo hannu ba an ci bashi a kansu. A ce ai muskuwari, dawar rani, na tafe a watan biyu, shi ma yana zuwa a kai shi kasuwa. Ranar suna a dafa shinkafa tukunya-tukunya, washegari a kwashe rabi a zubar a bola, kowa na kallo.

Sai watan takwas ya zo. Dawar da ka sayar da araha ita ce za ka koma saye kwano-kwano da tsada, in ma kana da abin sayen. Ka bar gonarka cikin ciyawa ka tafi ƙwadago gonar wani. Uwargida ta tsinka kunu da ruwa, ta ce wa yara ita ta ƙoshi. Ita ke haɗiye yunwar da kai ka jawo, ranar da kake rabon kuɗi wa maroƙa kuwa ba a yi shawara da ita ba. Wannan amana za a tambaye ka.

Ban ce kar a yi aure ba, ban ce a ƙuntata wa kai ba. Wanda ya sayar don magani ko kuɗin makarantar yara, uzurinsa na wurin Allah, ba da shi nake ba. Da mai sayarwa don a ce ya isa nake. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, cewa ya yi a bar hatsi a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kan ajiye wa iyalansa abincin shekara. Wa ya fi su dogaro da Allah?

Iyayenmu mata, ku ma don Allah ku sassauta. Gasar gara da kayan ɗaki na daga cikin abin da ke yashe rumbu.

Maigida, don girman Allah, kafin ka kira mai babur ka zauna ka ƙirga bakunan da ke gidanka. Ka fitar da zakkar hatsinka, ka ware abin da zai kai ku wata kakar, ka liƙe bakin rumbun. Abin da ya ragu shi ne na kasuwa. Don Allah ka liƙe rumbun nan.