Kuɗin Marayu a Hannun 'Yan Ƙungiya: Nasiha ga Masu Aikin Sa-kai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa maza da mata da kuka haɗa kai kuna tara kuɗi domin yara da matasan da ba su da galihu, kuna fatan Allah Ya fitar da jagororin gobe daga cikinsu, wannan nasiha taku ce.

Aikin da kuke yi yana da tushe. Imam Muslim ya ruwaito daga Jarir ɗan Abdullahi (RA) cewa wasu mutane daga ƙabilar Mudar sun zo wurin Annabi (SAW) ba takalma, ba suturar kirki. Fuskarsa ta canza saboda halin da ya gan su a ciki. Ya sa Bilal ya kira salla, aka yi salla, sannan ya yi huɗuba ya kwaɗaitar da sadaka ko da da tsagin dabino ne. Wani Ba'ansare ya taho da jaka da ƙyar hannunsa ke ɗauke da ita, mutane suka biyo bayansa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, fuskar Manzon Allah tana haske don farin ciki. A wurin ne ya faɗi ladan wanda ya fara buɗe ƙofar alheri wasu suka bi. Don haka kiran jama'a a bainar idanu domin mabuƙata ba abin kunya ba ne.

Sai dai tarawa ita ce rabi mai sauƙi. Inda ƙungiyoyi ke faɗuwa shi ne bayan kuɗin ya shigo hannu. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka tura karɓo zakka, da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ku lura da abu biyu: an yi wa Sahabi lissafi, kuma abin da ya samu albarkacin aikin ba nasa ba ne. To wane ma'aji ne a yau ya fi ƙarfin a ce masa kawo littafi mu gani?

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa magana. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa kowa nauyin rubutu. Duk ƙungiyar da ake cewa a cikinta "ai mun yarda da juna, ba sai an rubuta ba" ta haƙa wa mutumin kirkinta rami, domin ranar da lissafi ya ƙi fita ba shi da abin da zai kare kansa da shi.

Abu na farko, kuɗin jama'a ba ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da shi ya kafa ƙungiyar. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa hannu, kuma kada ukun nan su zama 'yan gida ɗaya ko wani yana cin abinci a ƙarƙashin wani. Saƙon shigar kuɗi da fitarsa ya riƙa zuwa wa mutum na huɗu wanda ba ya sa hannu. Ranar gidauniya, mutum uku su ƙirga tsabar kuɗin a wurin kafin kowa ya tashi, su rubuta adadin da lambobi da kalmomi, su sa hannu, a kai banki ranar aiki ta gaba. Kada a taɓa biyan wata buƙata daga cikin tsabar kafin ta shiga banki, domin daga nan adadin da aka sanar da wanda banki ya nuna suke rabuwa, daga nan kuma zargi yake farawa. Rasit ya zama mai lamba a jere, mai kwafi biyu, wanda ya lalace a soke shi a bar shi a littafin, kada a yage. Kuma wanda ya sayo kaya ba shi ne zai tabbatar da isowar kayan ba.

Abin da mutane da yawa ba sa kula da shi, ga shi kuma yana da nauyi a shari'a, shi ne cewa ba duk kuɗin da ya shigo ne iri ɗaya ba. Akwai zakka, akwai sadakar da mai ita ya ɗaura mata sharaɗi, akwai sadaka sakakkiya, akwai kuɗin wata na 'yan ƙungiya. Kowanne da shafinsa a littafi. Zakka tana da gidaje takwas da Allah Ya ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Ba a biyan hayar zauren taro da ita, ba a buga riguna masu tambari da ita. Maraici shi kaɗai ba ya cikin takwas ɗin, maraya yana cin zakka ne idan fakiri ne ko miskini. Kafin ku ce ku ma ma'aikatan zakka ne kuna da kaso, ku zauna da malamin da ya san babin. Wanda kuwa ya ba da kuɗi ya ce na karatun 'yan mata ne, ba ku da ikon karkata shi ga wani aiki, komai kyawunsa, sai kun koma kun nemi izininsa. Hidimar ofis, katin waya, man fetur da takardu su fito daga kuɗin wata na 'yan ƙungiya, ko daga wani kaso na sadaka sakakkiya da aka faɗa wa masu bayarwa tun farko.

Game da taron gidauniya, alkawari ba kuɗi ba ne. Mutum yakan ɗaga murya a gaban jama'a ya ambaci adadin da aljihunsa bai shirya masa ba. A rubuta alkawura a shafi dabam, da sunan wanda zai bibiyi kowanne cikin mako biyu tun abin yana da zafi, amma kasafi a gina shi kan abin da ya shiga asusu. A ganinmu, taron da hidimarsa ta ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka tara yana buƙatar a sake duba shi, a nemi zaure da kujeru da na'urar magana a matsayin gudummawa. Ya ma fi muku ku gina ƙungiyar kan mutum ɗari masu ba da ɗan kaɗan duk wata da ku rataye ta a wuyan attajiri ɗaya. Ranar da ya gaji ko ya yi fushi aiki ya tsaya, kafin ranar ma bakinku ba zai iya ce masa a'a ba idan ya kawo sunayen yaransa. A'isha (RA) ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Tausayi ba tare da lissafi ba yana cutar da yara. Ƙungiya takan ɗauki yara arba'in da kuɗin da zai riƙe goma sha biyar, zango biyu ya wuce asusu ya bushe, a koro yaran gida bayan an ɗanɗana musu fata. Kafin a ɗauki yaro a haɗa cikakken abin da yake buƙata a shekara: kuɗin makaranta, kayan sawa, littattafai, kuɗin jarrabawa, kuɗin mota. A ninka da shekarun da suka rage masa, a ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin goma saboda tashin farashi. In kuɗin shekarar farko ba ya hannu, ba a kuma san mafitar ta biyu ba, a dakata. Yaro goma da aka kai gaci sun fi arba'in da aka yasar a tsakiyar hanya.

A rubuta sharuɗɗan zaɓe kafin a karɓi suna ko ɗaya, domin in sunaye suka riga sharuɗɗa, sharuɗɗan ake ɗinkawa daidai jikin 'yan gida. Mutum biyu su ziyarci gidan kowane yaro su cike takarda ɗaya. Ɗan kwamitin da ke da dangantaka da yaron ya faɗa da bakinsa ya fita har a gama. Kuɗin makaranta a biya makarantar kai tsaye a karɓi rasit, ba don ana zargin iyaye ba, sai don gidan da ke fama da yunwa ko jinya dole ya fara da abin da ya fi matsa masa. Kowane ƙarshen zango a karɓi sakamako da lissafin ranakun da yaron ya halarta. Fashin zuwa makaranta yakan riga faɗuwar jarrabawa bayyana, kuma galibi akwai wani dalili a gida da ke bayansa.

Masu koyon sana'a kuma a yi yarjejeniya a rubuce da mai koyarwa: tsawon lokaci, abin da zai koyar, ranakun zuwa. A riƙa leƙawa sau ɗaya a wata ba tare da sanarwa ba, don wani yaron yakan shekara yana aike da shara bai taɓa kayan aiki ba. Kayan sana'a ranar yaye ake ba da su, ba ranar farawa ba. Jari a raba shi biyu, kashi na biyu ya fita bayan an ga littafin cinikin wata uku.

Ku ji tsoron Allah game da mutuncin yaran nan. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Tsayar da maraya yana riƙe da ambulan a ɗauki fuskarsa a watsa a Facebook cutarwa ce da za ta bi shi har girmansa, abokan karatunsa za su gani. Masu bayarwa hujja suke so, rasit da rahoton wata sun ishe su. In hoto ya zama dole, a nemi izinin waliyyi da na yaron, a ɓoye fuska da suna, kuma kada ƙin yarda ya rage masa komai. Mai riƙe da waya ya tuna hadisin Muslim kan mutum ukun da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ciyar don a ce shi mai kyauta ne.

Haka nan kada babba ya keɓe da yaro ko yarinya a ɗaki, a mota ko a saƙon waya na sirri, ko shi wane ne. Mata su kula da 'yan mata, kowace fita da manya biyu da izinin waliyyi. Annabi (SAW) da kansa ya tsayar da Ansarawa biyu da dare ya ce musu wannan Safiyya ce, matarsa, don kada Shaiɗan ya jefa wani abu a zukatansu.

Shugabanci kuwa ba a koyar da shi da lacca da takardar shaida. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a jarraba marayu, in an ga shiriya da hankali a tare da su a miƙa musu dukiyarsu, a kafa shaidu. Jarrabawa, sannan miƙawa. A ba matashi aiki na gaske da ɗan kuɗi na gaske: ya tsara ziyarar asibiti, ya rubuta kasafinta, ya kashe, ya dawo da rasit da canji, ya tsaya gaban taro ya amsa tambayoyi. In ya yi kuskure a gyara masa a keɓe a sake ba shi wani. Kowane mai muƙami ya sami mataimaki matashi da ke zama kusa da shi yana ganin littafi, jagorancin taron wata kuma ya riƙa zagayawa tsakaninsu, da rubutaccen jadawali da lokacin tashi. Zaidu ɗan Sabit saurayi ne lokacin da Abubakar (RA) ya ɗora masa tattara Alƙur'ani, kuma bai ɗora masa ba sai da ya ambaci hankalinsa, da amanarsa, da cewa ya riga ya rubuta wahayi a gaban Annabi (SAW). Usama ɗan Zaidu an ba shi tutar runduna da manyan Sahabbai a cikinta yana da ƙuruciya.

Ku yi hattara da zaɓen mai daɗin baki. Ma'aunin yana aya ta 26 a Suratul Ƙasas: mai ƙarfi, amintacce. Abu Zarr (RA) ya nemi muƙami, Annabi (SAW) ya ce masa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce, alhali babu mai shakkar tsoron Allahnsa. A sa wa'adi a tsarin ƙungiya, shekara biyu, kada a wuce sau biyu, wanda ya kafa ta shi ne zai fara sauka. Miƙa ragama a yi shi a rubuce cikin wata guda: littattafai, bayanin banki, jerin yara, basussuka, lambobin sirri, a kuma canza masu sa hannu a banki a makon.

Idan kuma aka wayi gari kuɗi ya ɓata, a dakatar da sa hannun wanda abin ya shafa nan take, a naɗa mutum uku da ba sa taɓa asusu su duba takardu, a saurare shi kafin a yanke komai, domin wani giɓin kuskuren rubutu ne. In ta tabbata ya ci, ya rubuta yadda zai biya da ranaku a gaban shaidu. Kada a tozarta shi a dandalin zumunta, kada kuma a mayar da shi kan asusu. Masu bayarwa a faɗa musu adadin da ya ɓata da matakin da aka ɗauka. Abin da kwamiti ba shi da ikon yi shi ne ya ce "mun yafe", domin kuɗin ba na kwamiti ba ne, na yaran da aka tara da sunansu ne, kuma aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikunansu. In ya ƙi biya, a kai maganar gaban hukuma.

Allah Ya karɓa daga gare ku, Ya raya yaran da ke hannunku bisa shiriya. Amin.