Gyara Majalisar Dattawa take buƙata, ba rushewa ba

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Agege, na tarar da musu ya kaure a teburin mai shayi. Wani matashin tela, da tef ɗin awo a wuyansa, yana ce wa wani dattijo mai goro: "Baba, a rushe ta kawai! Me sanatoci 109 suke tsinana mana? Senegal ma ta soke tata tun 2012."

Na fahimci fushinsa, don kuɗin da ake kashewa kan majalisar ya wuce hankali a ƙasar da talaka ke auna shinkafa da gwangwani. Amma ban yarda da shi ba.

A Majalisar Wakilai mai kujeru 360, yawan jama'a ne ke magana: Legas na da 24, Kano 24, Bayelsa 5. A Majalisar Dattawa kuwa kowace jiha uku ne, Abuja ɗaya. Wannan yana yi wa Legas ciwo, ba na musu. Mazaɓarmu ta Legas ta Yamma ƙananan hukumomi goma ce, har da Alimosho mai cunkoso, sanata ɗaya. Bayelsa gaba ɗayanta takwas ce, sanatoci uku. A 2016 ma majalisar ta yi watsi da ƙudirin Oluremi Tinubu na ba Legas matsayi na musamman. Sai dai mu 'yan Arewa da muke zaune a garin da ba mu ne masu rinjaye ba, mun fi kowa sanin amfanin zauren da ƙarami zai yi magana a saurare shi. Kuma kada a manta, a watan Mayun 2006 wannan majalisar ce, ƙarƙashin Ken Nnamani, ta binne yunƙurin tazarcen Obasanjo.

Inda take ba ni haushi shi ne wajen tantance ministoci. Mutum zai riƙe ma'aikata guda, amma sai a ce ya rusuna ya wuce don ya taɓa zama ɗan majalisa, ba tambaya ko ɗaya. Nan ya kamata a matsa wa sanatocin lamba, tare da rage alawus-alawus.

Mu ma da namu laifin. Na tambayi telan sunan sanatar Agege, inda katin zaɓensa yake. Ya lissafo min na Katsina guda uku tiryan-tiryan, amma Idiat Adebule sai da mai goro ya tuna masa.