Rufin asiri ko rufin baki?

Jama'a ku yi min haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo. Sai wajen ƙarfe 2 na dare na gama littafin Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa ta Kamaru, kuma wallahi har aka kira asuba idona biyu. Ƙanwata ce ta kawo shi daga lise, makarantar sakandare, ya fi wata shida a kan tebur ina cewa littafin da ya kai zagayen ƙarshe na Goncourt, babbar kyautar adabi ta Faransa, a 2020, har ɗaliban Faransa suka ba shi tasu kyautar, ai don Turawa aka rubuta, me zai faɗa min a kan gidajenmu? Ashe tun 2017 ya fara fita da sunan Munyal, wato haƙuri da Fulatanci, kalmar da duk wadda ta tashi a Garwa ta sha ji ko Bafulatana ce ko Bahaushiya.

Kowa maganar auren dole da kishiya yake yi. Ni Ramla da Hindu na cikin labarin ne suka tsaya min a rai, 'yan uba, rana ɗaya aka aurar da su, kowacce ta tafi da nata ciwon.

Addata sau uku tana dawowa gida daga Ngaundere. Katifa ɗaya muke kwana. Inna ta ce zazzaɓi ne, ni kuma na ga shatin bulala a bayanta tana sauya zani, na juya fuska bango kamar barci nake, da safe Goggo ta zo Kawu ya zo aka shige ɗaki aka rufe ƙofa, bayan kwana biyu aka sa ta a mota. Mijin ɗan Baffanmu ne, to wa zai buɗe baki zumunci ya lalace? Shekara 11 kenan, duk sallah muna haɗuwa mu yi lalle mu yi dariya, ban taɓa tambayarta ba.

Ba na cewa a kwaso sirrin gida a zuba a Facebook. Rufin asiri abu ne mai kyau, da shi muke rufe talaucin ɗan uwa da bashinsa da ciwonsa. Amma idan wanda ya yi dukan ne ake rufa wa, wadda aka daka kuma ita ke dakon sirrin, kar a kira shi rufin asiri don Allah. Masu cewa marubuciyar ta tona asirin Fulani, mu Hausawan nan mu yi shiru kawai, abin da ke saarensu, wato gidansu, yana cikin gidanmu.

Da safen nan na kira ta, na ce Adda, daren can da kike sauya zani ba barci nake ba, na gani. Ta yi shiru har na duba waya ko kiredi ne ya ƙare. Sai ta ce, ai na sani, na ji numfashinki. Ta ce in ba direba littafin ranar Asabar, faransancinta bai da ƙarfi amma 'yarta za ta karanta mata.